BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN MANHAJAR RUBUTU DA LISSAFI DA TALLAFIN MALAMAN FIRAMARE A HANWA, ZARIYA

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi sharhi ne a kan manhajar da ake koyar da rubutu da lissafi da ita a azuzuwan farko na makarantun firamare, tare da duba irin tallafin da malami yake samu wajen aiwatar da ita. An ɗauki unguwar Hanwa da ke Zariya a matsayin misali, domin unguwa ce da ta tara jama'a iri daban-daban, amma Hausa ce harshen da yara suke wasa da shi, ake kuma aikensu kasuwa da shi. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, babban raunin manhajar yana nan ne a mahaɗar rubutu da lissafi, wato harshen da ake yi wa yaro bayani da shi, kuma a daidai wannan mahaɗa ne aka bar malami shi kaɗai.

4.1 Tsarin Manhajar

Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ce take tsara manhajar firamare ta ƙasa baki ɗaya. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, hukumar ta fito da manhajar shekara tara wadda ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare, aka kuma sake yi mata kwaskwarima daga baya don rage yawan darussa. An shimfiɗa kowane darasi a cikin jadawali mai gidaje: kan darasi, da manufa, da ƙunshiya, da aikin malami, da aikin ɗalibi, da kayan aiki, da hanyar aunawa.

Dole ne a yaba wa wannan tsari, domin ya jera darussa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A lissafi ana farawa da ƙirga da rubuta lambobi, sannan tarawa da ɗebewa, sannan ninkawa da rabawa, kafin a kai ga awo da siffofi. A Hausa kuma ana farawa da baƙaƙe da wasula, sannan gaɓa da kalma da jimla, har zuwa shifta da insha'i. Sai dai manhajar ta ɗauki darussan biyu tamkar ba su da dangantaka. Manhajar lissafi da Ingilishi aka rubuta ta, haka ma mafi yawan littattafan lissafi da ke kasuwa. Ke nan an ɗauka cewa yaron da ya zo yin lissafi ya riga ya iya karanta tambayar da ke gabansa, alhali kuwa a wannan lokaci bai gama sanin baƙaƙen harshensa ba, balle na Ingilishi.

4.2 Matsalar Harshen Koyarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune, daga baya a koma Ingilishi. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko ake nufi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita wa'adin zuwa shekara shida, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga farko, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa.

Hujjar masu goyon bayan Ingilishi abar saurare ce, musamman a unguwa irin Hanwa inda ba kowane yaro ne Bahaushe ba, kuma mafi yawan jarrabawar da yaro zai fuskanta a gaba da Ingilishi ake yin ta. Amma akwai abin lura guda. A duk tsawon shekarun da manufar harshen uwa ta yi a takarda, ba a wadata makarantu da littattafan lissafi na Hausa ba, ba a kuma horar da yawancin malamai yadda za su koyar da lissafi da Hausa ba. Saboda haka yana da wuya a ɗora wa Hausa laifin faɗuwar da aka yi da littattafan Ingilishi. Bugu da ƙari, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci har shekara shida tare da littattafai da malamai horarru, ya nuna cewa yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko da a darasin Ingilishi.

Abin da ke faruwa a cikin aji kuwa sananne ne. Malami yakan karanta tambaya da Ingilishi, ya ga yara sun yi tsit, sai ya fassara ta da Hausa nan take. Wannan fassara ta tsaye ita ce ainihin manhajar da yaro yake samu, ga shi kuwa babu wanda ya tsara ta, babu kuma wanda yake duba ingancinta. Canza manufa bai kawar da ita ba, domin yaro ɗan shekara shida a Hanwa da Hausarsa yake shiga aji ko mene ne aka rubuta a Abuja.

4.3 Koyar da Rubutu

Garin Zariya yana da daɗaɗɗen tarihi a sha'anin rubutun boko. A nan ne Hukumar Talifi ta yi aiki a ƙarƙashin Dokta R.M. East, a nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Ƙa'idojin rubutun ma an daɗe da daidaita su, tun daga littafin Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, na 1912, zuwa ƙa'idojin Hukumar Harshen Hausa na 1958, da taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980. Ke nan malamin firamare ba ya rasa ƙa'idar da zai koyar. Abin da ya rasa shi ne horo a kanta da lokacin da zai duba littafin kowane yaro.

Kurakuran da suka fi yawa iri biyu ne. Na farko shi ne yar da ƙugiyar baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, inda kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, suke zama abu guda a rubuce. Na biyu shi ne rabawa da haɗa kalmomi, kamar rubuta "ya na" maimakon "yana", ko kasa bambanta "a kan" da "akan". Wannan ya shafi lissafi kai tsaye, domin kalmomin ɗaya da huɗu da ɗari da ɗebe duk suna ɗauke da baƙi mai ƙugiya. Da manhajar ta haɗa darussan biyu, da rubuta sunayen lambobi ya zama shifta da lissafi a lokaci guda.

Haka kuma manhajar ba ta yi la'akari da cewa yara da yawa suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya ba. Irin wannan yaro ya saba bin rubutu daga dama zuwa hagu, don haka yakan buƙaci a nuna masa inda layi yake farawa a boko. A ɗaya gefen kuma ya zo da fahimta mai amfani, domin tsarin babbaƙu da farfaru ya riga ya koya masa cewa baƙi daban ne, wasali daban, kuma haɗuwarsu ce take ba da sauti. Malamin da ya san wannan zai gina a kansa. Manhajar kuwa ta ɗauki yaron tamkar bai taɓa ganin rubutu ba. Sakamakon haka, darasin rubutu yakan koma kwafe abin da ke kan allo, kuma yaro yana iya cika littafi da kyakkyawan rubutu ba tare da ya iya tsara jimla ɗaya ta kansa ba.

4.4 Koyar da Lissafi

Ƙidayar Hausa tana da sauƙin da ya dace da koyar da matsayin lamba. Idan aka ce goma sha uku, ko ashirin da biyar, ana ambaton gomomi ne kafin ɗaiɗai, daidai da yadda ake rubuta 13 da 25 daga hagu zuwa dama. A Ingilishi kuwa sunayen 13 zuwa 19 suna fara ambaton ɗaiɗai ne, kuma 15 da 50 suna kama da juna a kunnen yaro, wato fiftin da fifti. Haka nan Bahaushe yana yin ɗebewa a cikin maganarsa ta yau da kullum, kamar ashirin ba ɗaya don nufin 19, ko ɗari biyar ba hamsin don nufin 450. Ga kuma kalmomin kashi da aka aro daga Larabci, irin su sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, waɗanda ake ji a rabon gado, ban da rabi da kwata na kasuwa.

Wannan ba ya nufin ƙidayar Hausa ba ta da tarko. Yaron da aka ce ya rubuta ɗari da biyar yana iya rubuta 1005, domin ya rubuta 100 sannan ya liƙa 5. Sunayen gomomi daga ashirin zuwa casa'in ma aro ne daga Larabci, don haka yaro ba ya jin uku a cikin talatin, sai an nuna masa cewa gomiya uku ake nufi. Irin waɗannan wurare ne jagoran malami ya kamata ya yi gargaɗi a kansu, amma jagoran da aka rubuta da Ingilishi don ƙasa baki ɗaya ba zai san da su ba.

A ɗauki misalin yarinya 'yar aji uku wadda take yi wa mahaifiyarta tallan ƙosai a bakin Kwangila. Idan ta fita da ƙosai 45 ta sayar da 18, nan take za ta ce saura ashirin da bakwai. Amma idan aka rubuta mata wannan a jimlar Ingilishi, sai ta tsaya, domin ba ta gane ko tarawa ake so ko ɗebewa ba. Idan kuma aka jera mata lambobin, aka ce ta yi "boro wan", za ta haddace kalmar ba tare da sanin cewa goma ɗaya aka kwance ba, shi ya sa wasu yaran sukan cire 5 daga 8 su sami 33. Da za a ba ta ɗauri huɗu na tsinken tsintsiya goma-goma da tsinke biyar a warwatse, ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta, da ta ga abin da ake nufi da aro. Wannan yarinya ta iya lissafi, abin da ya kayar da ita shi ne karatu da harshe, amma a takardar sakamako lissafi za a ce ta faɗi.

4.5 Tallafin da Malami Yake Samu

A da, kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Gireti Tu suna koya wa malami hanyar koyar da dukkan darussan firamare. Da aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar malanta, sai ya zama yawancin ɗalibai suna ƙwarewa ne a fanni ɗaya ko biyu, in ban da masu karanta fannin ilimin firamare. Ta haka wanda ya karanta tattalin arziki da nazarin zamantakewa yakan tsinci kansa a aji ɗaya yana koyar da wasula da ƙirga, abin da ba a taɓa nuna masa ba.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, inda 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin 100, aka kuma sallame su, lamarin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar malamai a farkon 2018. Babu mai musun cewa wanda bai iya lissafin aji huɗu ba bai cancanci koyar da shi ba. Sai dai jarrabawar ta auna sanin malami ne kawai, ba ta auna iya koyarwarsa ba, kuma wanda ya gaje shi manhaja ɗaya da littafi ɗaya da cunkoson aji ɗaya ya tarar. Idan aka tsaya a kan kora kaɗai, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Abin sha'awa shi ne, an taɓa gwada mafita a nan Zariya. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tare da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa, inda aka rubuta kayan koyarwa, aka kuma naɗa masu horarwa da suke zagaya makarantu suna zama da malami a cikin ajinsa. Shirye-shiryen baya-bayan nan ma wannan tafarki suka bi, kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, wanda ya haɗa karatun Hausa da lissafi, da KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil ta Jihar Kano. Dukkansu sun tanadi jagoran malami mai bayani dalla-dalla, da littafin ɗalibi na Hausa, da mai ziyara da ke gyara wa malami. Rauninsu shi ne dogaro da kuɗin ƙungiyoyin waje, wanda yake da wa'adi. Ya kamata kuma a bambanta mai ziyara irin wannan da jami'in da yake zuwa ya duba rajista da littafin tsara darasi ya sa hannu ya tafi, domin wannan bai ga yadda aka koyar da aro a ɗebewa ba.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa manhajar firamare ta tsaru ta fuskar jeranta darussa, amma ta raba rubutu da lissafi, ta kuma yi watsi da ƙidaya da sanin baƙaƙe da yaron Hanwa yake zuwa da su daga gida da makarantar allo. An kuma ga cewa ko da Ingilishi ne harshen koyarwa a hukumance tun daga 2025, malami ba zai daina bayani da Hausa ba, don haka gara a tsara wannan bayani da a bar shi kara zube. Abubuwa uku ne suka fi gaggawa: jagoran malami na lissafi mai Hausa da Ingilishi a gefe da gefe don aji ɗaya zuwa uku, da sanya sunayen lambobi da gajerun tambayoyin lissafi a cikin shifta da insha'i, da kuma masu horarwa da za su riƙa shiga aji a kai a kai da kuɗin jiha. Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyarta ta ilimi suna nan kusa da Hanwa, kuma sun taɓa yin irin wannan aiki. Babi na gaba zai duba samfurin darussan da za a iya gina wannan jagora a kansu.