Kujerar Wegner ce, in ji wa?

Duba shafukan gwanjon tsofaffin kujeru a intanet, za ka ga an rubuta "salon Wegner" ko "ana jingina ta ga Wegner" a ƙarƙashin kusan duk kujerar da ta fito daga Danmak. Wannan lafazi wayo ne na dillalai: yana ɗaga farashi, kuma ba ya ɗora wa mai sayarwa nauyin kawo hujja.

Tun farko an cakuɗa abubuwa biyu. Hans Wegner zane yake yi, wasu ke ƙerawa. Kujerarsa mai zagayayyen baya ta 1949, wadda Kennedy da Nixon suka zauna a kanta a muhawarar talabijin ta 1960, kafintocin Johannes Hansen ne suka fara yin ta, daga baya PP Møbler ta karɓa. CH24 kuwa Carl Hansen & Søn ke yin ta tun 1950. To hatimin da ke ƙarƙashin mazauni sunan masana'anta yake ba ka. Sai ka koma tsohon kundin kayanta ka gwada lamba da awo kafin ka ce ga mai zanen. Shi kuma tambarin tabbatar da inganci na masu ƙera kayan katako na Danmak, wanda dillalai ke son ɗauka a hoto, inganci kawai yake shaidawa. Bai ambaci mai zane ba, balle a ce takardar da aka manna ba a iya ɓamɓare ta a liƙa wa wata kujera.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne katako. Duk itace mai ruwan ƙasa-ƙasa sai a ce tik ne. Alhali masana'antun Turai sun yi ta amfani da afromosiya, itacen dazuzzukan Ghana, Najeriya, Kamaru da Kwango, a madadinsa. Ido na iya ruɗuwa, madubin ƙara girma ba ya ruɗuwa: a gefen da aka yanke, manyan ramukan ruwa na tik suna jeruwa a farkon kowane zoben shekara, na afromosiya kuwa ƙanana ne a warwatse ko'ina. Aikin minti biyar ne, amma da wuya ka ga dillali ya sa hoton wannan gefe.

Kuma batun ya wuce kuɗi. Afromosiya da itacen Brazil mai suna Dalbergia nigra duka sun shiga jerin yarjejeniyar CITES a 1992. Na Brazil ɗin yana rukuni mafi tsauri, don haka kujerar da aka yi da shi ba ta ƙetare iyaka sai da takardar da ke nuna an sare itacen kafin haramcin. Mai sayen da ya yarda da "salon Wegner" ba tare da sanin katakon ba, yana iya ganin kwastan ta riƙe masa kaya a tashar jiragen ruwa.