Bishiyar Li'irabi a Hannun Na'ura: Sharhi kan Juya Bayanan Hausa

Maƙasudin wannan sharhi shi ne duba abin da ke samun jimlar Hausa idan an ɗauke ta daga wani tsarin ajiya na kwamfuta zuwa wani, domin a zana bishiyar li'irabinta. Abin nazarinmu shi ne taskokin jimloli biyu da Bernard Caron ya shirya cikin Universal Dependencies, ɗaya ta Adaranci, ɗaya ta Zazzaganci. Aiki ne na a yaba, balle daga hannun wanda ya wallafa littafi kan Hausar Adar tun 1991. Sukarmu tana kan juyin da ake yi wa aikin.

Da tsarin SUD aka fara li'irabin, sannan na'ura ta juya shi zuwa UD. A jimla kamar "sun tafi", SUD ya ɗauki "sun" a matsayin kai, watau lamirin da ke ɗauke da mutum da lokaci. UD kuwa aikatau yake ɗorawa bisa, ya rataye "sun" a ƙarƙashinsa. Wannan bai dace da Hausa ba, a ganinmu, domin aikatau ba ya tsayuwa ba tare da lamiri ba sai a umurni, alhali ga "suna aiki", inda lamiri ya tsaya da suna. Mai karatu ya kula, juyin nan hukunci ne na nahawu da aka miƙa wa na'ura.

Ɓarna ta biyu tana zuwa wajen zane. Fayil na CoNLL-U yana ba kowace kalma gurbi 10, na farko lambarta ce a jere. Idan aka fitar da shi zuwa DOT na Graphviz ko GEXF na Gephi, manhajar tana shimfiɗa kalmomi yadda zanen zai yi kyau, sai fa in an tilasta mata bin jeri. Ke nan "mun ga kamyo" da "kamyo muka gani" sai su fito kusan siffa ɗaya, fifikon ya ɓace. In kuma fayil ya ratsa ta tsohon tsarin da bai san Unicode ba, ƙugiya ta tafi: "baki" da "baƙi" su gamu a mahaɗa guda.

Inda lamarin zai fi tsanani shi ne Hausar garuruwan yuraniyom. Tun da SOMAÏR ta fara haƙa a Arlit a 1971, ma'aikata daga kudu suka cuɗanya da Buzaye, Hausa ta zama harshen kasuwa, tana tafe da Faransanci da Tamashek cikin jimla ɗaya. Haka aka tara leburori a Imuraren bayan lasisin 2009, kafin a dakatar da aikin a 2014. Alamar da ke nuna harshen kowace kalma a gurbi na 10 ake rubuta ta, gurbin tarkace, wanda mai juyawa zai fi saurin zubarwa. In ta zube, manazarci ba zai iya bambance "kamyo", da ta daɗe da zama Hausa, da kalmar Faransanci da mai magana ya tsoma a take ba.