Gora, Allo da Layin Ruwa: Zanen Fentin Mai da Fargabar Matasan Hausari

Yaron da aka haifa a unguwar Hausari ta Maiduguri a 2009 ya zo duniya ne a shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke a garin. Yana ɗan shekara 2 aka hana hawa babur. Yana da 4, a 2013, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka katse layukan waya na watanni, kuma a unguwarsu ne samari suka fara ɗaukar sanda suna kamo 'yan bindiga, abin da ya haifar da 'yan kato da gora. A farkon 2021 aka fasa turakun wutar lantarki, garin ya daɗe cikin duhu. Ranar 10 ga Satumba, 2024, yana da shekara 15, madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehu da gidajen dubban mutane. Amma tsayar da shi yau ka ce, "Samari, ya gari?" Zai sunkuyar da kai ya ce, "Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi."

Ba ƙarya ya yi ba, tarbiyyar da aka yi masa ke nan. Yaro ba ya zazzage wa babba cikinsa, yarinya kuwa kunyarta ta ninka tasa. Wannan shirun ne ya sa nake ganin zanen alama ya dace da garin nan fiye da yadda masu zanen kansu suka ɗauka. A irin wannan zane ba kamannin fuska ake bi ba. Mai zane kan ajiye wani abu, ko inuwa, ko launi, ya bar shi ya faɗi abin da bakin mai hoton ba zai faɗa ba.

Sanannen misali shi ne hoton da Edvard Munch, ɗan ƙasar Norway, ya zana da fentin mai wajen 1894 kan balaga. Yarinya ce zaune a bakin gado, ta matse gwiwoyi, ta sarƙe hannuwa a kan cinya, ido a buɗe. Babu dodo a ɗakin, babu kowa. Sai wata baƙar inuwa da ta taso daga gefenta ta kumbura a bango, ta fi ƙarfin inuwar jikin mutum. Duk fargabar tana cikin inuwar. Yadda ya bar yarinyar ba sutura ba abu ne da zai karɓu a nan ba, kuma ba shi ne darasin ba. Darasin shi ne alama ɗaya tak ta isa, in daga cikin ɗakin aka samo ta.

Ba sai an je Turai ba ma. A Zariya, tun 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa a karɓi kayan aikin Bature amma a zana da idon gida. Bayansu Gani Odutokun, wanda ya koyar a can har ya rasu a haɗarin mota a 1995, yakan tsinka fenti ya zuba a kan kyalle ya bar shi ya gangara, sannan ya bi sawun abin da ya fito. A zamanin soja ya zana wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa, kowa ya gane inda aka dosa ba tare da an kama suna ba. Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, ita ma tana da sashen koyar da zane. Hanyar dai a share take.

Sai dai Borno tana da nata gadon da ya girmi duk wannan. Dubi allon zayyana, wanda ake ƙawata wa ɗalibi idan ya kai saukar Alƙur'ani. Rubutu a tsakiya da tawadar ƙaro, kewaye da shi gidaje-gidaje na ja da rawaya da kore, murabba'i cikin murabba'i, layi yana bin layi ba ya kuskure. Babu fuskar yaron a jiki, amma duk wanda ya ga allon a hannunsa ya san ƙuruciya ta ƙare. A ganina wannan shi ne zanen balaga na asali a ƙasar nan. Bambancinsa da abin da muke magana a kai ɗaya ne: zayyana nasara take shelantawa, ba ta da gurbin yaron da ya kwana yana kuka saboda hadda ta ƙi zama. Su ma masu zanen bayan manyan motoci da fentin mai suke aiki, zaki da doki da gaggafa da masallaci, kuma su ma jarumta suke sayarwa. Tsoro bai samu mai zana shi ba.

Batun addini ba a tsallake shi a Hausari. Malamai sun yi saɓani kan hoton mai rai. A mazhabar Malikiyya an fi tsananta wa mutum-mutumi mai inuwa, shimfiɗaɗɗen hoto kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi. Duk da haka akwai gidajen da ba za a rataya fuska a bango ba. Mai zanen da ya iya alama bai yi asarar komai ba a nan, domin takalmi a ƙofar ɗaki yana iya tsayawa a madadin mai shi.

Shi kansa fentin mai yana da hali. Ba ya bushewa kamar ruwa, iska ce ke daskarar da man a hankali, sai a yi kwanaki yana danshi, mai kauri kuma ya yi watanni. Ana iya ɗora launi a kan launi, a rufe wani abu amma a bar shi yana leƙowa daga ƙasa. A Maiduguri kuma sai an yi da yanayi. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana gaggauta bushewa. In hunturu ya shigo, ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti, ta zauna ke nan, fari ya koma ruwan ƙasa. Mai zane kan juya kyallen ya fuskanci bango, ya wanke buroshi da kananzir in tafentain ya gagara, ya riƙa matse ƙarshen bututun fenti saboda tsada. Ni da za a bi tawa, da an daina faɗa da ƙurar a wasu hotunan. Ta garin ce, a bar ta ta shiga aikin.

Inda nake da ƙorafi shi ne alamomin aro. Sarƙa ta tsinke, tsuntsu a keji, taswirar Nijeriya tana zubar da jini, farar kurciya, hawaye guda a kumatu. Waɗannan daga intanet suka zo, kuma za a iya zana su a kowane gari a duniya ba a sauya ko ɗigo ba. Kasuwa ma na da laifi. Tun bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, abin da baƙo yake nema daga Borno shi ne fuskar wanda aka zalunta. Matashin mai zane, da ke neman na sayen fenti, sai ya ba shi abin da yake so. Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto 'yar garin, ta bijire wa wannan tun 2015 da shirinta na Bits of Borno, inda ta nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar salla. Masu fenti ba su da hujjar zama a baya.

Domin fargabar ɗan shekara 16 ba duka ce ta bam ba. Akwai sakamakon JAMB. Akwai murya da ta fara faɗi, da ƙuraje a fuska. Akwai abokin da ya fara shan tiramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinsa a 2018, amma shaye-shayen bai ƙare ba. Akwai waya, wadda ke nuna masa sa'anninsa a Dubai yana zaune a kan benci yana jiran layin caji. Yarinya kuma tana kallon tukwane da kwalla suna taruwa a ƙarƙashin gadon uwarta, ta san na ɗakinta ne, ba a tambaye ta ko ta gama karatu ba.

A ce mai zane ya ɗauki gora kawai, jingine a zaure, kusa da jakar makaranta. Ga wani gida ita ce ta dawo da barci a 2013. Ga wani gidan ita ce ta nuna ɗansu, aka tafi da shi, bai dawo ba. Ga ƙanin mai gorar kuwa tambaya ce: shi da me zai nuna ya zama namiji? Alama ta gari ke nan, wadda mutum biyu 'yan layi ɗaya za su tsaya a gabanta su yi gardama. Ko kuwa layin da ambaliya ta bari a bango, ruwan ƙasa daga ƙasa, fari daga sama, a tsayar da yaro a jikinsa ana auna tsayinsa. Wanda bai san Satumbar 2024 ba zai ce fenti ne kala biyu. Ɗan unguwar Gwange ba zai ce haka ba.

Saura inda za a rataya. Yawancin masu kallo a waya za su ga hoton, a Facebook ko WhatsApp, inda kaurin fenti da sawun buroshi da ƙurar da ta maƙale duk suke bajewa su zama santsi. Aikin wata uku ya koma abin da yatsa zai ture cikin daƙiƙa. Shi ya sa zan fi son in ga irin waɗannan hotuna a harabar makarantun sakandare, ko a shagon tela da na aski inda samari ke yini, ko da na mako guda ne, ba a zauren otal da mai gadi zai tambayi yaro wa ya gayyace shi ba.