Hujja da Zato a Cikin Rahotannin Hatsarin Mota

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda 'yan jarida kan faɗi dalilin aukuwar hatsari tun kafin a bincika, da kuma wanda laifi kan faɗa a kansa in an yi hakan. Ba sai an tunatar da malaman da ke wannan zama ba cewa labari yana da ɓangare biyu, watau abin da aka gani da ido da abin da aka ɗauka shi ne sanadi. Na farko ana iya samunsa cikin sa'a guda, na biyu kuwa sai an auna an gwada.

Idan muka ɗauki rahoton hatsari irin wanda muka saba ji a rediyo, za mu tarar kusan ƙira ɗaya gare shi. A faɗi wuri da lokaci, a faɗi yawan waɗanda suka rasu, sannan a rufe da cewa hatsarin ya auku ne saboda gudun wuce sa'a, ko tsinkewar birki, ko fashewar taya. To, wa ya auna gudun? Kafin a tabbatar mota na gudu fiye da ƙima, lalle ne a auna tsawon shatin taya a kan kwalta, a dubi irin lotsewar da motar ta yi. Kafin a ce birki ne, sai ma'aikatan duba lafiyar motoci sun kwance sun gani. Amma sau da yawa labarin kan fita tun ba a janye motar daga bakin hanya ba. Ke nan abin da aka ba mu a matsayin sakamakon bincike zato ne kawai, ko da wanda ya yi zaton yana sanye da kaki.

A nan ne son kai kan shigo, ba lalle da gangan ba. Majiyar ɗan jarida mafi sauƙin samu ita ce kakakin 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 Wole Soyinka yana shugabanta na farko. Aikin waɗannan hukumomi lura da direbobi ne, don haka idonsu a kan direba yake. Shi kuwa direban, ko ya rasu, ko yana asibiti, ko yana tsare, ba mai jin ta bakinsa. Ramin da ke tsakiyar hanya, da kwanar da ba ta da alama, da mai motar da ya tilasta masa tuƙin dare biyu a jere, duk ba su da kakakin da zai ambace su.

Nahawun harshen ma yana taimakawa wajen ɓoye mai aiki. Kalmomin “auku” da “faru” aikatau ne na aji na bakwai bisa rabon Parsons na 1960, kuma ba sa nuna wanda ya jawo abu. A jimla irin “mota ta ƙwace”, ƙarfe ne ya zama aikau. Haka nan “an ce” da “rahotanni sun nuna” kan ba marubuci damar faɗin magana ba tare da ya ɗauki nauyinta ba. Abin lura shi ne, waɗannan sigogi sun fi fitowa in zancen ya doshi hukuma ko mai kamfani. In talaka ne, sai a ga aikau ya fito fili.

Alal misali, mu dubi abin da ya faru a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba, 2024. Tankar mai ta faɗi, mutane suka taru suna ɗibar fetur, wuta ta tashi. Adadin da aka fara bayarwa bai kai 100 ba, daga baya ya haura 180, domin da yawa daga waɗanda suka ƙone sun cika ne a asibiti. Wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin buga lissafin ranar farko kamar shi ne na ƙarshe. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take lissafa duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan hatsari. Game da sanadi kuma, rahoton da ya tsaya a kan cewa mutane sun ƙi jin gargaɗi bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauki labarin daga tsakiya ne. Akwai tambayar abin da ya kayar da tankar, da halin da murfinta yake ciki har mai ya malala, da tsawon lokacin da ya wuce kafin wuta ta kama. Akwai kuma kuɗin fetur, wanda bai kai naira 200 lita ba kafin janye tallafi a Mayun 2023, ya kai kimanin naira 1,000 a watan da abin ya faru. Wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake aukuwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Saura maganar da akan maimaita kowace shekara, cewa hatsari ya fi yawa a watanni huɗu na ƙarshen shekara. Mai yiwuwa haka ne, amma yawan hatsari shi kaɗai ba ya nuna tuƙi ya ƙara muni, tunda motocin da ke kan hanya ma sun ƙaru a lokacin. Sai an gwada adadin haɗurran da yawan tafiye-tafiyen da aka yi kafin a ɗora laifin a kan gangancin direbobi, kuma da wuya a ga rahoton da ya kawo wannan lissafi na biyu.