Mawaƙin da Labarinsa Ya Danne Waƙarsa: Sharhi a Kan Sixto Rodriguez

Gabatarwa

A wannan 'yar muƙala ina so in ja hankalin 'yan uwa marubuta zuwa ga wani mawaƙin Amurka mai suna Sixto Rodriguez, wanda ya rasu ranar 8 ga watan Agusta 2023 yana da shekara 81. Yawancin waɗanda suka san sunansa ta hanyar fim suka san shi, kuma abin da suke riƙe da shi shi ne labarin lebura da ya wayi gari ya tarar ashe shi tauraro ne a wata nahiya. Labarin yana da daɗi, amma aikin manazarci shi ne ya koma kan waƙoƙin ya tambaya: shin in an cire labarin, za su iya tsayawa da ƙafarsu?

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Rodriguez a birnin Detroit cikin 1942. Iyayensa 'yan asalin Meziko ne da neman abinci ya kai su wannan birni na masana'antun mota. Shi ne ɗa na shida, daga nan ya samo sunan Sixto. Irin waƙarsa ita ce wadda ta haɗa salon waƙar gargajiyar Amurka, wato mutum ɗaya da jitarsa yana ba da labari, da kiɗan zamani mai ganguna da jitar lantarki. Shi ke tsara baitocinsa, shi ke rera su.

Faifai biyu kacal ya yi a ɗakin ɗaukar waƙa: Cold Fact a 1970 da Coming from Reality a 1971, dukkansu a kamfanin Sussex. Ba su yi kasuwa a Amurka ba, sai kamfanin ya sallame shi. Ya koma aikin ƙarfi, yana rushe tsofaffin gine-gine da gyaran gidaje. Cikin wannan hali ya yi digiri a fannin falsafa a Jami'ar Wayne State a 1981, ya kuma sha tsayawa takarar muƙamai a birninsu bai taɓa ci ba.

Jigon Waƙoƙinsa

Babban jigon Rodriguez shi ne rayuwar talakan birni. Mai karatu ya tuna cewa a watan Yuli na 1967 an yi tarzoma a Detroit wadda ta ci rayuka 43, kuma shekara biyu bayan haka aka ɗauki Cold Fact. Saboda haka mutanen da ke cikin waƙoƙinsa su ne mashaya, da 'yan kwaya, da matan da suka gaji da zama, da ma'aikacin da aka kora.

Alal misali, a waƙar "Sugar Man" ya ari bakin ɗan kwaya yana roƙon dillalinsa. Bai yi wa'azi ba, bai kuma yabi shaye-shaye ba. Ya bar muryar mai roƙon ta nuna gajiya da ƙasƙanci da kanta. A waƙar da aka fi sani da "Establishment Blues" kuwa, sai ya jero matsalolin gari ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta kanun jarida, ba tare da ya tsaya sharhi ba, har nauyinsu ya taru a kan mai sauraro. Nan akwai darasi ga matasanmu masu rubutu, waɗanda sau da yawa sukan tsayar da labari domin su gaya wa mai karatu abin da ya kamata ya ji. In hoton ya fito sosai, ba ya bukatar tafinta.

Salo da Rauninsa

An sha kwatanta shi da Bob Dylan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin duk su biyu suna cusa hotuna da yawa cikin baiti guda. Sai dai a ganina Rodriguez ya fi ƙarfi a inda ya sauka ƙasa ya kama abin da ido ke gani: mashaya, layin unguwa, ranar biyan albashi. A inda ya bi sawun Dylan ya shiga tara siffantawa masu duhu, baitin kan yi ƙyalli amma in ka matse shi ba ruwa. Haka kuma a wasu waƙoƙinsa na soyayya akwai gatse da raini ga mace wanda ya fi kama da huce haushi.

Faifansa na biyu, wanda aka ɗauka a Landan, an cika masa kiɗan goge irin na Turawa har wani lokaci yakan yi wa muryar lulluɓi. Duk da haka a cikinsa ne waƙar "Cause" take, wadda nake ganin ita ce ƙololuwar fasaharsa: mutum ya rasa aikinsa dab da Kirsimeti, yana lissafa mutanen da ya sani da abin da duniya ta yi da kowannensu, cikin murya mai sanyi ba kuka ba ihu. Wannan kamewa ita ce gwanintarsa. Amsar tambayata ta farko ke nan: kusan rabin waƙoƙinsa za su tsaya ko babu fim, kuma ga mai faifai biyu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Afirka ta Kudu da Fim

A zamanin mulkin wariyar launin fata, Cold Fact ya shiga Afirka ta Kudu ya bazu, musamman tsakanin matasan fararen fata da suka ƙosa da takurawar gwamnatinsu. Gidan rediyon gwamnati har kankare waƙar "Sugar Man" ya yi daga jikin faifai don kada a sa ta. Da yake ba wanda ya san inda mawaƙin yake, sai jita-jita ta yaɗu cewa ya kashe kansa a kan dandamali. Wasu masoyansa biyu, Stephen Segerman da Craig Bartholomew Strydom, suka shiga cigiya, har a 1997 'yarsa ta ci karo da shafin da aka buɗe a intanet ana nemansa. A 1998 ya je ya yi wasa a Cape Town gaban dubban mutanen da suka ɗauka ya daɗe a kabari.

Wannan labari ne Malik Bendjelloul, ɗan ƙasar Suwidin, ya mayar fim mai suna Searching for Sugar Man a 2012, wanda ya ci kyautar Oscar a 2013. Fim ɗin ya yi kyau, amma ya tsallake wani abu: Rodriguez ya yi suna a Ostireliya, har ya je can ya yi wasanni a 1979 da 1981. An bar wannan ne, a fahimtata, domin labarin mutumin da duniya ta manta da shi ɗungurungum ya fi taɓa zuciya. To, a nan marubuci ya kamata ya yi hattara. Zaɓen abin da za a faɗa haƙƙin mai ba da labari ne, amma in ka ce tarihi kake bayarwa, abin da ka ɓoye ma shaida ne a kanka.

Kura da Shan Bugu

Saura batun kuɗi. Shekara da shekaru ana sayar da faifansa a Afirka ta Kudu, shi kuwa yana ɗaukar baraguzai a Detroit, kason da ya kamata ya samu bai iso hannunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daɗin daɗawa, a jikin Cold Fact ba a rubuta cikakken sunansa a matsayin marubucin waƙoƙin ba. An sa Jesus Rodriguez da Sixth Prince, abin da daga baya ya shiga cikin shari'ar da aka yi kan mallakar waƙoƙin. Duk wanda ke shirin miƙa rubutunsa ga maɗaba'a ya dubi wannan da kyau: ya san sunan da aka buga, ya san takardar da ya sa wa hannu, ya kuma ajiye kwafinta.

Kammalawa

A taƙaice, Rodriguez mawaƙi ne mai kaifin ido wanda ya yi aiki kaɗan, wani ya nuna wani bai nuna ba. Sai da kamfanin Light in the Attic ya sake fitar da faifansa a 2008 da 2009 sannan mutanen ƙasarsa suka fara sauraronsa sosai, lokacin ya haura shekara 65. Shawarata ga wanda bai san shi ba ita ce ya fara da sauraron "Cause" da "Sugar Man" kafin ya kalli fim ɗin, ya yanke hukuncinsa da kunnensa. Ina kuma maraba da duk wanda ya saurara ya ga saɓanin abin da na gani, ya rubuto mu tattauna a fitowa ta gaba.