Vyjayanthimala, Gwanar Rawa a Finafinan Indiya

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, a silima ne ko a talabijin ko a kaset, ya saba da cewa jaruma ba ta cika jaruma ba sai ta iya rawa. Har mukan ɗauka da haka fim ɗin Indiya ya faro. Alhali a shekarun 1940, a masana'antar Bombay, aikin a rabe yake. Manyan jarumai mata irin su Nargis su ke riƙe da labari, su yi kuka, su yi soyayya, in an zo wurin rawa mai wuya kuma sai a kira ƙwararru irin su Cuckoo, su cashe na 'yan mintuna su ɓace daga fim ɗin. Wadda ta haɗe aikin biyu a jiki ɗaya, har ya zama ƙa'ida ga na bayanta, ita ce Vyjayanthimala, 'yar ƙabilar Tamil daga Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai.

An haife ta a 1933. Mahaifiyarta, Vasundhara Devi, 'yar fim ce, amma kakarta Yadugiri Devi ce ta raine ta, ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai yarinyar ta koyi rawar gargajiyar kudancin Indiya da ake kira Bharatanatyam. Rawa ce da ta fito daga wuraren bautar Hindu da fadojin sarakuna, inda wasu zuriyoyi na mata suka gaje ta kaka da kakanni. A zamanin Turawan mulkin mallaka sunanta ya ɓaci, aka riƙa yi wa masu yin ta kallon matan banza, har sai da mutane irin su Rukmini Devi Arundale, wadda ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, suka dawo mata da martaba. Ke nan Vyjayanthimala ta taso daidai lokacin da 'ya'yan manyan gida suka fara shiga wannan fage ba tare da an zage su ba. Malaminta na farko shi ne Vazhuvoor Ramaiah Pillai, ɗaya daga cikin manyan malaman zamanin.

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin wanda bai san yadda ake koyon rawar nan ba, ba zai gane abin da yake gani a finafinanta ba.

Malami yana zaune a ƙasa, gabansa ɗan guntun katako, a hannunsa sanda, yana bugawa yana furta ƙidayar kiɗan da baki. Darasin farko tsayuwa ce: ɗaliba ta haɗa dunduniyoyi, ta buɗe ƙafafu dama da hagu, ta lanƙwasa gwiwoyi ta yi rabin tsuguno, baya a miƙe, hannuwa a ƙugu. A cikin wannan hali za ta riƙa ɗaga ƙafa tana buga tafinta a ƙasa, dama, hagu, dama, hagu, ba tare da kafaɗa ta girgiza ba, ba tare da ta miƙe ba. Mai karatu ya gwada na minti biyu kawai, zai ji yadda cinyoyi ke ɗaukar wuta. Ana yin watanni a kan wannan kafin a ƙara mata motsin hannu. Kowane taku kuma sai an iya shi a gudu uku: na farko a hankali, na biyu ninkinsa, na uku ninkin na biyu, alhali kiɗan da ke ƙarƙashi bai sauya ba. Sannan ga rabon bugu: akwai na uku-uku, na huɗu-huɗu, na biyar, na bakwai, na tara. Mai rawa na iya yin taku na biyar-biyar a kan kiɗa mai zagayen takwas, ta yi nisa har ka ce ta ɓata, sai ta maimaita jimlar ƙarshe sau uku ta sauko cif a kan bugun farko tare da mai ganga. Lissafi ne tsantsa, ana yin sa da ƙafa. Kuma babu wurin ɓuya, domin an ɗaura mata jerin ƙananan ƙararrawa a ƙwauri, masu aiki irin na akayau a ƙafar 'yan Koroso: in taku ya kuskure ko da ƙiris ne, kowa zai ji.

Wannan rabi ne kawai. Ɗaya rabin shi ne ba da labari da hannu da fuska. Tsofaffin littattafan wannan fanni sun ƙidaya alamomin hannu ɗaya guda 28, ban da na hannu biyu. Tafi a miƙe da yatsu a haɗe na iya nufin gajimare ko kogi ko hani, gwargwadon yadda aka motsa shi; yatsu a baje kamar fure na iya nufin fure ko wata ko kyakkyawar fuska. Ido yana bin hannu duk inda ya tafi. Gira da wuya da leɓe kowanne da nasa horo. Ɗaliba za ta ɗauki baiti ɗaya na waƙa ta nuna shi ta hanyoyi da dama, yanzu da ɗoki, an jima da fushi, can kuma da kunya. Wato kafin Vyjayanthimala ta taɓa tsayawa gaban kyamara, an riga an koya mata wasan kwaikwayo, ta wata hanya da ba ta bukatar magana.

Kamfanin AVM na Madras ne ya fara sa ta a fim ɗin Tamil mai suna Vaazhkai a 1949, tana budurwa 'yar shekara goma sha. Fim ɗin ya karɓu, aka sake yin sa da harshen Hindi a 1951 da sunan Bahar. Mutanen arewacin Indiya, waɗanda suka fi sabawa da rawar Kathak mai juyi da tsayuwa a miƙe, suka ga wani abu dabam. Sai Nagin a 1954. Kada a rikita shi da finafinan macijiya mai rikiɗa da suka zo daga baya. A wannan, ita 'yar shugaban wata ƙabila ce da ta kamu da son saurayi daga ƙabilar da suke gaba da ita. Busar nan ta masu wasa da maciji da ta zagaye duniya daga wannan fim ta fito, kuma rawar da ta yi a kanta ce ta mayar da ita tauraruwa.

Sai dai shahara da rawa ta zo mata da tarko. Aka fara cewa ai ƙafa kawai gare ta. Da darakta Bimal Roy ya tashi yin Devdas a 1955, manyan jarumai sun ƙi karɓar matsayin Chandramukhi, mace mai zaman kanta da ke rawa don nishaɗin masu kuɗi, wadda ta faɗa son mashayin da Dilip Kumar ya fito a matsayinsa. Ita ta karɓa. A rabin farko tana rawa, ido na wasa, murmushi na sana'a. Daga baya Chandramukhi ta bar rawar, ta tuɓe gwala-gwalai, ta koma jinyar mutumin da ya raina ta. A waɗannan fitowa babu kiɗa, babu taku, amma dubi yadda take sauke ido, da yadda take riƙe wuyanta in yana faɗa mata magana mai zafi. Horon nan ne dai na gaban malami mai sanda, an rage masa ƙarfi daidai da kusancin kyamara. Da mujallar Filmfare ta ba ta lambar yabo ta mataimakiyar jaruma, sai ta ƙi karɓa, ta ce matsayin Chandramukhi bai gaza na ɗaya jarumar ba. A ganina gaskiyarta ce. Daga baya ta ci lambar babbar jaruma har sau uku, da Sadhna na 1958, da Gunga Jumna na 1961, da Sangam na 1964. A Gunga Jumna ma, ita da harshen uwarta Tamil ne, ta fito a 'yar ƙauye mai wanki, tana magana da karin harshen ƙauyukan arewa.

Rawar fim kuwa tana da tata wahalar da ta dandali ba ta da ita. A dandali makaɗa na kallon mai rawa, suna iya jiran ta. A fim an riga an naɗi waƙar a situdiyo, galibi da muryar Lata Mangeshkar ko Asha Bhosle, sai a kunna ta a wurin ɗauka, kuma faifai ba ya jiran kowa. Jaruma za ta yi mamin, ta ja numfashi inda mawaƙiyar ta ja, ta tsaya daidai kan alamar da aka zana mata a ƙasa don kada hoto ya dushe, ga fitilu masu zafi, ga kaya masu nauyi, kuma a maimaita sau da yawa ba tare da gajiya ta nuna a fuska ba. In jaruma ba ta iya ba, akwai dabara: a yayyanka ɗaukar gutsi-gutsi, a nuno fuska, a nuno ƙafa, wani lokaci ƙafar ma ta wata ce, mai tacewa ya ɗinke. Da Vyjayanthimala darakta na iya ja da kyamara baya, ya nuno ta daga kai har ƙafa, ya bar na'ura tana tafiya. Wannan ita ce alamar da nake auna mai rawar fim da ita: tsawon lokacin da za a iya barin ta a hoto ɗaya ba a yanke ba.

Misalai biyu sun isa. Na farko a fim ɗin Tamil na 1958, Vanjikottai Valiban, inda aka haɗa ta gasar rawa da Padmini, wadda ita ma gwana ce ta gaske. Hiralal ne ya tsara rawar. Padmini na da taushi da nutsuwa, Vyjayanthimala na da kaifi da zafin nama. Ɗaya ta kawo jimlar taku, ɗayar ta mayar mata da ita da ƙari, ga harara, ga ɗaga gira, ga juya baya na raini, duk a kan kiɗa. Har aka tashi labarin bai ba kowa nasara ba, kuma har yau masu kallo a kudancin Indiya na gardamar wadda ta fi.

Na biyu, wanda na fi so, yana cikin Jewel Thief na 1967, na darakta Vijay Anand, da kiɗan S. D. Burman da tsarin rawar Sohanlal. A labarin, ɓarayin lu'ulu'u sun yi garkuwa da ƙaninta, sun tilasta ta yi rawa a fadar sarkin Sikkim don su sami damar sata. Jarumin fim ɗin, Dev Anand, na cikin fage da ganga. Ga abin da ake bukata daga gare ta: jikinta ya yi rawar biki, mai sauri, mai tsalle da juyi, ta ratsa tsakanin ɗimbin 'yan rawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kyamara na bin ta a dogayen ɗauka, fuskarta kuma ta yi wa sarki murmushi, amma mu masu kallo mu ga tsoro a ƙarƙashinsa. Tana juyowa sai ka ga idon ya yi wuf ya nemi wani a cikin taro, murmushin ya ɗan yanke, kafin bugu na gaba ya dawo. Ƙafa na aikinta, fuska na nata, babu wanda ya ci hakkin wani. Mutum na iya shekara yana atisaye ya iya takun. Haɗa shi da wannan fuskar shi ne abin da ba kowa ke kaiwa ba.

Ba duk abin da ta zuba wa ƙarfi ne ya yi kasuwa ba. Amrapali na 1966, labarin wata mai rawar fada a zamanin Buddha, yana ɗauke da wasu daga cikin raye-rayenta mafi kyau, Indiya ma ta tura shi gasar Oscar, amma bai mayar da kuɗi ba. A 1968 ta auri likita Chamanlal Bali, ta ƙarasa finafinan da ke hannunta, ta bar harkar tana kan ganiyarta. An nemi ta dawo ta fito a uwar Amitabh Bachchan a Deewaar, ta ƙi. Ta koma ga rawar asali, ta yi aiki da malam Kittappa Pillai wajen tono tsofaffin raye-rayen da aka kusa mantawa. Ta shiga siyasa, aka zaɓe ta majalisar wakilai daga kudancin Madras a 1984 da 1989. A 2024, ta haura shekara 90, ta sake hawa dandali ta yi rawa a Ayodhya, a shekarar kuma gwamnati ta ba ta Padma Vibhushan, lambar girma ta biyu a ƙasar. Ƙofar da ta buɗe ce Hema Malini da Rekha da Sridevi suka biyo daga kudu, waɗanda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani.

Mu ma mun ɗauki tsarin waƙa da rawa daga finafinan nan, tun daga zamanin da 'yan Labanan masu silima suka fara kawo su Kano da Kaduna da Jos, har ya shiga finafinan Hausa. Muhawarar dacewarsa da tarbiyyarmu daɗaɗɗiya ce, kowa da hujjarsa. Abin da ke damuna dabam ne: mun ɗauki siffar, mun bar horon. Sau da yawa a lokeshan ake haɗa rawa, a ranar ɗauka, sai mai tacewa ya rufa asiri. Alhali muna da gwanayen taku na gaske a Koroso da Asauwara da rawar 'yan hoto, mutanen da suka san kiɗa a jikinsu. Ina kira ga daraktocinmu, in har za a sa rawa a fim, a kira irin waɗannan su koyar, a ba 'yan wasa makonni na atisaye, sannan a ja da kyamara baya a bar mu mu ga aikin. Kai kuma mai karatu, nemi rawar Jewel Thief a intanet ka kalle ta sau biyu, na farko ka bi ƙafafunta, na biyu ka kashe sauti ka bi fuskarta kaɗai.