Mudra Afrique (1977-1982): rawa da harshenta

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen sharhi, za mu waiwayi tarihin Mudra Afrique, makarantar rawa da wasan kwaikwayo da shugaba Léopold Sédar Senghor da Maurice Béjart suka kafa a Dakar cikin shekarar 1977, bisa samfurin wadda Béjart ya buɗe a Bruxelles a 1970. An damƙa ragamarta ga Germaine Acogny, aka kuma ba ta mazauni a ginin Musée dynamique. Ɗalibai sun zo daga ƙasashen Afirka daban-daban, suna koyon rawar Turai ta gargajiya da ta zamani, da rawar Afirka, da kiɗa, da waƙa. Doudou Ndiaye Rose yana cikin malaman kiɗa. Senghor ya sauka daga mulki a ƙarshen 1980, ba a jima ba makarantar ta mutu.

Galibin masu ba da tarihinta a nan suke tsayawa: uban gida ya tafi, kuɗi suka ƙare. Wannan gaskiya ne, amma a namu ganin an tsallake batun harshe. Sunan kansa, mudra, kalmar Sanskrit ce mai nufin ishara da hannu. Littafin da Acogny ta fitar a 1980, Danse africaine, ya ambaci rawar Afirka a tilo, kuma sunayen da ta laƙaba wa motsin jiki, irin su « baobab » da « fromager », da Faransanci suke.

To, a Hausa rawa takan zo da mai ita: rawar ƴan tauri, rawar maharba, rawar mahauta, rawar bori. Kowace tana da abin kiɗanta, wato kalangu ga mahauta, goge ko garaya ga ƴan bori. Sa'an nan Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa yana bin hawa da saukar muryar magana. Saboda haka taken da makaɗi yake kaɗawa zance ne, mai rawa kuma amsawa yake yi. Idan aka ɗauki motsin aka bar take da kirari, an ɗauki amsa ke nan an bar tambaya.

Duk da haka, bai kamata a tauye wa Acogny haƙƙinta ba. Ta yi abin da mu ba mu yi ba: ta ba motsi suna, ta tsara shi yadda za a koyar. Shi ya sa aikin bai mutu tare da makarantar ba. Irène Tassembédo ta Burkina Faso daga can ta fito, ita kuma Acogny ta ci gaba da koyarwa a École des Sables ta Toubab Dialaw.

Darasin ya shafe mu a Nijar. A zamanin Seyni Kountché (1974-1987), ƙungiyoyin samariya sun hau da raye-rayen karkara bisa dandalin bikin matasa na ƙasa, a ƙarƙashin kalmar « ballet », wadda ta haɗe su duka cikin buhu guda. Aikin da ya rage ga masu nazarin harshe shi ne tattara sunayen motsi, da take, da kirari daga bakin makaɗa da masu rawa, da Hausa da Zabarmanci, tun masu su suna raye. Duk makarantar da za a kafa nan gaba, da wannan ƙamus ya kamata ta fara.